Kiwon aladu da lambu a bayan gida: jagora ga ƙaramin iyali a kudancin Kaduna

A garuruwanmu na kudancin Kaduna, daga Kafanchan zuwa Zonkwa, Kagoro da Kwoi, da wuya mutum ya ratsa unguwar Kirista bai ji gurnanin alade a bayan wani gida ba. Shi ne asusun iyali, domin da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake fita kunyar biki, kuma shi ake kamawa idan rashin lafiya ta zo ba shiri. Sai dai yawancinmu mun gaji wata hanyar kiwo ce da ba ta kai mu ko'ina, wato a ɗaure dabba a gindin mangwaro da damina saboda amfanin gona, a sake ta da rani ta nemi abincinta a juji. Ni ma haka na fara, kuma a shekarar farko aladuna biyu suka tone gwazar maƙwabciyata tas a dare ɗaya, na biya ta, amma na yi watanni ina jin nauyin haɗa ido da ita a coci. Abin da ya gyara mini kiwo shi ne killace aladun gaba ɗaya da kafa lambu kusa da su, ta yadda kashinsu zai ciyar da ƙasa, ƙasa kuma ta mayar musu da ganye. Ga yadda ake tsara hakan daki-daki, ga iyalin da ke da ɗan fili da ɗan jari.

Wurin da ɗakin zai zauna

Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, ka jira a yi ruwa mai ƙarfi, ka fita ka tsaya ka ga inda ruwan yake bi a filinka. Ɗakin aladu zai zauna ne a ƙasa da gidan kwana da rijiya, lambu kuma a ƙasa da ɗakin, domin duk abin da ya gangaro ya nufi shuka maimakon ya nufi ruwan sha. Tsakanin rijiya da ɗakin a bar kimanin mita 30 idan fili ya yarda. Idan bai yarda ba, a matsa iyakar inda za a iya, amma kada rijiya ta kasance a gangaren kwatar.

Sai maganar maƙwabta, wadda a wurina ta fi siminti muhimmanci. Muna zaune ne cuɗanya da 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda addininsu ya haramta musu wannan dabba, saboda haka bai kamata ka jingina ɗakin aladu da katangarsu ba, ko ka bar kwatarka ta bi ta ƙofar gidansu, ko ka kafa shi kusa da masallaci ko hanyar da ake bi zuwa ɗiban ruwa. Kafin in aza harsashi na je na gaishe da dattijon da filinsa ke gabas da nawa, na nuna masa inda nake nufi. Ya duba ya ce, "Ɗana, ka matsa da shi can bayan rumbu, iska ta fi kaɗowa nan da yamma." Na ce, "To, Baba, an gama." Har yau ban ji ƙorafi daga gidansa ba, kuma daga baya na gane cewa ya fi ni sanin yadda iska ke bi a wurin.

Ginin ɗaki

Ga mai farawa, ɗaki uku sun isa: ɗaya na uwa, ɗaya na waɗanda aka yaye, ɗaya kuma a ɗan ware shi gefe domin baƙon alade ko marar lafiya. Ɗakin uwa ya kai kamar mita 3 a tsawo da mita 2 da rabi a faɗi, masu tasowa kuwa a ba kowanne kimanin murabba'in mita 1. Katanga ta tsaya a mita 1 da 'yan kai, daga nan zuwa rufi a bar shi a buɗe don iska ta ratsa. Alade ba ya yin gumin da zai sanyaya masa jiki, shi ya sa zafin Maris da Afrilu ke wahalar da shi fiye da sanyi, kuma shi ya sa rufin ciyawa ya fi masa kwano daɗi. Wanda ya sa kwano ya ɗaga shi sosai, ya kuma shimfiɗa ciyawa ko zana a kansa.

Daɓe shi ne wurin da bai kamata a yi tsumulmular siminti ba, domin tun ran gini tun ran zane. Alade da hancinsa yake tono, kuma da zarar ya sami ɗan tsagi sai ya mayar da shi rami inda fitsari zai kwanta. A yi daɓen da kauri, a karkata shi kaɗan zuwa kwata, kuma kada mai gini ya goge shi sumul kamar ɗakin amarya, domin uwa mai ciki idan ta zame tana iya ɓari ko ta karye. A bi shi da tsintsiya tun yana ɗanye don ya yi ɗan kaushi. Kwamin abinci da na ruwa a gina su da siminti a jikin katanga, saboda duk abin da ba a kafe ba sai sun kifar da shi.

Sayen na farko

Ka fara da mata biyu da aka yaye, masu wata 2 zuwa 3, ko da kana da kuɗin biyar. Kasuwar aladu ta Katsit da ke gefen Kafanchan, wadda ke ci kowace Alhamis, wuri ne na sayarwa, amma ban ba kowa shawarar ya sayi na kiwo a can ba, domin dabbobi daga garuruwa da yawa ne ke haɗuwa a wuri ɗaya, kuma ba ka san abin da kowacce ta kwaso ba. Ka je gidan mai kiwon da ka sani, ka ga uwar da idonka, ka tambayi 'ya'ya nawa take haifa da nawa take yayewa. Ka juya 'yar aladen ka ƙirga nonuwanta, su kai 12 ko fiye a jere daidai, ka duba ƙafafu a miƙe suke, fata ba ƙazuwa, gindi ba alamar zawo. Irin gida yana da juriya amma ba ya saurin girma, fararen nan na Large White da Landrace kuwa suna girma da sauri amma ba sa yafe yunwa ko ƙazanta. Ga ƙaramin gida, ruwa-biyu tsakaninsu ya fi sauƙin riƙewa. Idan an yi maka farashin da ya yi arha fiye da kima, ka tuna cewa araha ba ta ado. Duk wanda ka kawo, ko daga gidan ɗan'uwanka ne, ya yi kwana 30 a ɗakin gefe kafin ya haɗu da sauran, a kuma ba shi maganin tsutsar ciki a cikin wannan lokaci.

Abinci da ruwa

A nan ne yawancin kuɗin kiwo ke tafiya, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai. Alade ba ya tuƙa kamar akuya ko saniya, cikinsa ɗaya ne irin na mutum, saboda haka ganye da dusa zalla za su riƙe masa rai ne kawai ba tare da ya yi nama ba. Mutum zai yi shekara guda da rabi yana zuba dusa da ruwa, ya ƙare da dabbar da ya kamata a ce ta kai wannan girma a wata 7 ko 8.

Haɗin da nake yi wa masu tasowa, a kan kilo 100, shi ne masara da aka ɓarza kilo 40, dusar masara kilo 30, waken soya kilo 20, tunkuza ko ƙuliƙuli kilo 7, garin ƙashi kilo 2, gishiri rabin kilo, da rabin kilo na garin sinadaran ƙarin lafiya da ake sayarwa a shagon magungunan dabbobi. Waken soya dole a soya shi a kasko har ya yi ƙamshi kafin a niƙa, domin ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana ciki narkar da abinci. Masarar da ta yi funfuna kuwa ba ta alade ba ce, ta juji ce, komai zafin asarar. Lokacin sayen masara da waken soya shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da farashi ya sauka. Wanda ya jira sai Yuli ya saya mudu-mudu, shi ne zai ce kiwo ba riba.

Uwa mai ciki tana cin kilo 2 zuwa 2 da rabi a yini, mai shayarwa kuwa tana iya kaiwa kilo 5 ko fiye gwargwadon yawan 'ya'yanta. A raba abincin kashi biyu, safe da yamma, a lokaci ɗaya kullum, a ɗan jiƙa shi don kada ya tashi ya shiga musu hanci. Tsakanin nan ne ake ba da abin da lambu ya bayar: ganyen dankalin Hausa, wanda ya fi kowanne, da alayyafon da ya tsufa, ganyen zogale, gwandar da ta faɗo, kabewar da ta fashe. Ɓawon rogo yana da amfani, amma sai an shanya shi ya bushe ƙarau, domin ɗanyensa yana da guba. Dusar burukutu da ake samu a unguwanni ita ma tana taimakawa idan sabuwa ce, amma wadda ta kwana biyu ta yi tsami tana sa zawo. Ruwa kuwa kada ya yanke ko na awa ɗaya; mai shayarwa ita kaɗai tana iya shan lita 20 ko fiye a yini, kuma da zarar ruwa ya gaza, nono ne ke fara raguwa.

Daga kashi zuwa taki

Wannan shi ne abin da ya haɗa ɗakin da lambun, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa. Ɗanyen kashin alade ba ya zuwa kan shuka kai tsaye. Yana ƙona saiwa, yana tara ƙuda, kuma yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta waɗanda za su iya bin alayyafo ko latas su dawo tukunyar gida.

A haƙa rami uku a jere tsakanin ɗakin da lambun, kowanne kamar mita 1 a faɗi, zurfinsa ya kai gwiwa, a yi musu 'yar rumfa don ruwan Agusta kada ya cika su. Kowace safiya abin da aka kwashe da shebur ya tafi rami na farko, a rufe shi da busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi ko karan masara da aka sassara, a bi da ɗan yayyafin ƙasa. Busasshen abu ya ɗan fi kashin yawa, domin shi ne ke kashe wari. Idan ramin ya cika a bar shi, a koma na biyu, amma a riƙa juya na farkon duk mako biyu, ana yayyafa masa ruwa idan rani ne. Hanyar gane ko aiki yana tafiya ita ce a soka sanda ko guntun rodi a tsakiya, a bar shi na ɗan lokaci, a zaro a taɓa. Idan ya yi zafi har hannu ya ji, taki yana nuna; idan ya fito da sanyi da wari, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara ciyawa a juya. Bayan wata 2 zuwa 3 zai koma baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Lokacin da rami na uku zai cika, na farko ya isa kwashewa.

Ruwan wankin ɗaki kuma kada a bar shi ya kwanta. A ja kwatar zuwa wani ƙaramin rami da aka cika da tsakuwa, a dasa ayaba da gwanda a kewayensa, domin su suna son wannan ruwa, kuma 'ya'yansu suna sama nesa da ƙasa.

Lambun kansa

A fara da danga mai ƙarfi, a dasa zogale a jikinta, a bar ƙofa ɗaya tak wadda yara za su iya rufewa. Fangali ya zama faɗin mita 1, yadda hannu zai kai tsakiyarsa ba tare da an taka ba, kuma a zuba wa kowane mita ɗaya na tsawonsa kamar bokiti guda na nunannen taki, a gauraya da ƙasa mako guda kafin shuka. Da damina a ɗaga fangalin sama saboda yawan ruwan da muke samu daga Afrilu zuwa Oktoba, da rani kuma a nutsar da shi ƙasa don ya riƙe ruwan da aka ba shi.

Ni nakan raba lambun kashi uku. Kashi ɗaya na miya ne: alayyafo, wanda ake fara cira bayan mako 3 zuwa 4, da kuɓewa, yakuwa, gauta da attaruhu. Alayyafo kada a shuka shi gaba ɗaya, a riƙa zuba fangali ɗaya duk mako biyu don kada ya zo a tare ya ƙare a tare. Kashi na biyu na kasuwa ne, kuma tumatir ya fi yin kyau da rani fiye da damina, inda laima ke jawo masa ciwon ganye. A rene shi mako 4 kafin dashe, a kuma dasa da yamma. Kashi na uku, wanda mutane ke mantawa, na aladu ne, wato dankalin Hausa da ake shukawa domin ganyensa. Ana yankan rassan ana bari su sake tohowa, a ƙarshe kuma a haƙe dankalin, manya su shiga gida, ƙanana su tafi kwami. Kowace shekara a sauya wa kowane kashi wuri, kada tumatir ya bi tumatir ko attaruhu. Idan an yi feshin maganin ƙwari, ganyen wurin ba ya zuwa bakin mutum ko na alade sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.

Yadda yini ke tafiya

Da gari ya waye, kafin ka ɗauki bokiti, ka tsaya a bakin katanga ka dube su. Lafiyayyen alade yana jin motsinka zai miƙe yana ihu, wanda ya ci gaba da kwanciya kuwa shi ne abin dubawa. Daga nan a ba da abinci, a kwashe kashi yayin da hankalinsu ke kan kwami, a wanke mazubin ruwa a cika. Kullum a fara da ƙanana, a bi da manya, a ƙare da ɗakin gefe, kada a juya wannan tsari. Takalmin roba da shebur na ɗakin aladu su zauna a can, ba a shiga lambu ko kasuwa da su. Bayan an wanke hannu da sabulu sai ban ruwa, tun rana ba ta yi zafi ba. Da tsakar rana a lokacin bazara a yayyafa wa manya ruwa a jiki, da la'asar a yanko ganye, da yamma a ba da abinci na biyu. Yara suna iya ɗaukar yankan ganye da ban ruwa, amma shiga ɗakin uwa mai jego aikin babba ne, domin tana cizo. A ajiye ɗan littafi a rubuta ranar barbara, ranar haihuwa, ranar magani da kuɗin kowane buhu.

Barbara da haihuwa

Kada a kai mace wurin namiji kafin ta kai wata 7 zuwa 8. Alamar ta shirya ita ce gabanta ya kumbura ya yi ja, kuma idan ka danna bayanta da hannu biyu sai ta tsaya cak. Idan bayan kwana 21 alamar ba ta dawo ba, ta ɗauka. Cikin alade kwana 114 ne, wato wata 3 da mako 3 da kwana 3, saboda haka wadda aka yi wa barbara ranar 1 ga Janairu za ta haihu wajen 25 ga Afrilu, 'ya'yan kuma su isa sayarwa daidai lokacin Kirsimeti, sa'ad da kasuwa ta fi tashi.

Mako guda kafin ranar a wanke ɗakin, a zuba busasshiyar ciyawa, a kafa ƙarfe ko itace a jikin katanga, tazarar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa da kuma daga bango, domin jariran su sami mafaka idan uwar za ta kwanta. Danniyar uwa ce ta fi kashe su a kwanakin farko. A goge wa kowanne hanci da baki, a shafa aidin a cibiya, a tabbata ya sha dakashi tun a sa'o'in farko. A kwana na 3 a yi musu allurar ƙarin jini, domin nonon alade ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, kuma a kan siminti ba su da ƙasar da za su lasa. Idan haihuwar ta faɗo cikin hunturu, a rufe gefen da iska ke shigowa da buhu, a yi musu akwati mai ciyawa a kusurwa. Mazan da ba za a bari don iri ba a fiɗiye su cikin mako biyu na farko, a hannun wanda ya iya. Ana yaye su a mako 6 zuwa 8, kuma uwar takan sake neman namiji cikin mako guda bayan yaye.

Ciwon da ba shi da magani

Ƙazuwa da tsutsar ciki suna jin magani, kuma malamin dabbobi zai tsara maka lokutan allura. Killacewa ita kanta tana kawar da wata babbar matsala, domin aladen da ke yawo yana cin bayan gidan mutane shi ne ke kamuwa da tsutsar nan mai sa ƙurarraji farare kamar shinkafa a cikin nama, wadda ƙwanta idan ya shiga jikin mutum yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa ya jawo farfaɗiya.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Nijeriya a 1997, ya kuma yi mummunar ɓarna a rukunin gonakin Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun a 2020. Ba ya kama mutum, amma ba shi da magani, kuma yana iya share ɗaki cikin kwanaki. Alamunsa zazzaɓi mai zafi, ƙin abinci, kunnuwa da ciki su yi ja ko shuɗi-shuɗi, sai mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yana shigowa ne ta baƙon alade, ta takalmi, ta tayar mota, da ta ragowar abinci mai ɗauke da naman alade, domin ƙwayar cutar tana daɗewa da rai a cikin nama. Na taɓa aron namiji daga wani gida ba tare da na tambayi lafiyar garkensu ba, kuma kafin mako biyu na binne aladu shida, har da uwar da ta fi kowacce haihuwa. Tun daga lokacin dillali ba ya wuce bakin danga, ragowar abincin gidan biki ba ya shiga kwami, na gida ma sai an tafasa shi sosai na aƙalla rabin awa. Idan ka ga waɗannan alamu, ka sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarka, domin su ne za su iya aika samfur zuwa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato a tabbatar. Kada ka yi saurin kai sauran kasuwa don rage asara, domin gidan wani za ka kai wa abin da ya same ka. Wanda ya mutu a binne shi a rami mai zurfi nesa da rijiya, inda kare ba zai tono ba.

Ranar kasuwa

Kafin ka fitar da naka, ka je Katsit Alhamis biyu ko uku hannu rabbana, ka saurari ciniki, ka ga abin da fatake masu lodi zuwa kudancin ƙasar nan suke biya a kan girman da ya yi daidai da naka, ka kuma san la'adar dillali tun kafin a kama igiya. Dabbar da aka yi wa allura kwanan nan ba ta fita sai kwanakin maganin sun cika. A yi lodi da asuba saboda zafi, a shimfiɗa ciyawa a motar, kada a cika wa aladen ciki da abinci a safiyar. Aladen da aka kai kasuwa bai sami mai saye ba kada ya koma cikin 'yan'uwansa, ɗakin gefe zai shiga ya yi kwana 30 kamar baƙo, kai ma ka wanke takalmi ka sauya tufafi kafin ka leƙa sauran. Daga kuɗin da aka samu a fara ware na masara da waken soyan zagaye na gaba kafin a taɓa sauran. Ɗakin da aka kwashe kuma a kankare shi da ruwa da sabulu, a shafe bango da daɓe da farar ƙasa, a bar shi a buɗe rana ta dake shi mako biyu kafin a zuba waɗanda aka yaye.